Layi Ɗaya a Gonar Mutane

Kakana na wajen uba ya daina cin abinci a bazarar da ta biyo bayan sayar da gonarsa. Bai yi rantsuwa ba, bai yi fushi da kowa ba. A kawo masa tuwo, ya yi loma biyu ya ture kwano. A dama masa fura, ya kurɓa ya ce ta yi tsami, a dama wata ya ce salam take. Baba ya kai shi likita, aka auna jini, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce tsufa ne. Tsufa kuwa ba a wannan bazarar ya fara shi ba.

Gonar tana kan hanyar Tsibiri. Gari ya yi ta matsowa har ya cim mata, aka yanka ta parsel-parsel don gina gidaje, aka kafa duwatsun siminti. Da yardarsa aka yi, don idanunsa sun riga sun tafi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Baba ya ɗauko shi ya dawo da shi gidanmu a unguwar Zariya ta Maraɗi, ya ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, da fanka da rediyo. Kowa ya ce tsoho ya huta.

Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka tun ina rarrafe. Shi yana ce mini uwargida, ni in ce masa Tsoho, in kuma ina son ya harzuƙa in ce masa ango. Ba ni da haƙuri, gidanmu kowa ya sani. Lise ma, wato sakandare, ban ƙarasa ba, na koma taya Baba a shago, kuma ni ke tuƙa tsohuwar motarsa in kai wa mutane kaya, don yayyena maza kullum suna kan hanyar Kwatano. To wannan ƙin cin abincin ya ishe ni. Sau nawa na tsaya kansa da kwano ina cewa, "Tsoho, in mutuwa kake so ka faɗa mini, in daina wahalar da hannuna wajen damu."

Sai ya yi dariya ya ce, "Sauri kike ki ci gado? Babu komi sai buta."

Ran nan zan yi wanki, na ɗauko rigarsa da ya cire, na juye aljihu a tsakar gida. Hatsi ya zubo. Kafin in ankara kaji sun yi kansa. Yana zaune a tabarma can bakin ɗaki, ban san yadda aka yi kunnensa ya kama ƙarar ba, sai ji na yi ya daka tsawar da rabona da jin irinta tun ina ƙarama.

"Ke! Mi kika zubda?"

"Hatsi ne, Tsoho. Ga buhu can cike a ɗaki."

"Kori kajin nan! Kore su na ce!"

Ya taso da rarrafe yana laluben ƙasa. Na kori kajin, na durƙusa muka tsince tare, ni da ido, shi da tafin hannu. Abin da muka tsira da shi bai cika hannu biyu ba. Ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya koma ya zauna yana haki. Can ya ce, ba da wasa ba, "Iri ne. Zango ne, hatsi mai dogon kai, na gonata. Tun ban kai tsawon sungumi ba nike bin bayan ubana ina sa iri. Ban taɓa hwashin shekara ba. Shekarar da ban sa iri ƙasa ba, ni za a sa."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe, wace irin magana ce wannan?" 

Da dare ya yi na gaya wa Baba. Ya ce tsoho makaho, ƙafa ba ƙwari, gona babu, me ake so ya yi? Ya ce kada in ƙara zuga shi. Baba ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Shi a ganinsa in dai ubansa na cikin ɗaki ƙarƙashin fanka, ba abin da zai same shi.

Ruwa kuma ya ƙi zuwa Maraɗi. Kullum Tsoho na manne da rediyo lokacin da ake karanta garuruwan da suka samu, wuri kaza milimita kaza, wuri kaza yayyafi. Kullum sai ya ce gwiwarsa ta gaya masa yau za a yi, kullum sai rana ta ƙaryata gwiwar. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da na ga haka na ce masa, "Ango, ai ba dole sai gonarka ba. Ranar shuka wa ke korar hannu? Duk inda ruwa ya sauka mu je mu roƙi layi ɗaya."

Ya ce, "To ina za ya sauka?"

"Mu je mu tambayi masu karanta maka a rediyo."

Wata safiya da gari ya tashi da zafi mai danƙo, ko ganye ba ya motsi, Baba ya tafi ta'aziyya da motar abokinsa ya bar mini makulli. Na ce wa Inna zan kai Tsoho shan iska. Ta dube ni, ta dubi rawanin da ya naɗa da ƙullin nan a baki, ta shiga ɗaki ta fito da gorar ruwa ta miƙo mini. 

Gidan meteyo, inda ake duba yanayi, yana wajen filin jirgi. Mai gadi ya ga tsoho makaho a gaban mota, ya yi mana ƴan tambayoyi ya buɗe. Ma'aikacin da muka tarar sa'an Baba ne, siriri mai tabarau. Ya durƙusa ya gaida Tsoho, ya kama hannunsa ya shigar da shi buro, wato ofishinsa. Sanyin na'ura na bugun fuskar Tsoho ya ja ya tsaya.

"Uwargida, nan an riga an yi ruwa?"

Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau. Ni kuwa ban tsaya dogon gaisuwa ba, na ce, "Malam, so muke ka gaya mana inda za a yi ruwa yau." Na faɗa masa dalili a gajarce, don ba na son Tsoho ya ji ina ba da labarinsa kamar na abin tausayi.

Ya juyo da fuskar ordinatar, kwamfutar da ke kan teburinsa, wajenmu. Ƙasarmu ce daga sama, ga wani farin abu kamar an baza auduga yana tahowa daga wajen Damagaram. Ya fara yi mini bayani, sai ya tuna wanda ya zo tambayar ba ya gani. Ya kama ɗan yatsan Tsoho ya ɗora kan gilashin.

"Baba, nan Maraɗi." Ya ja yatsan gefe kaɗan. "Nan kuma hadarin."

"Ashe kusa ne. To ka turo shi mana."

"Da ina iyawa da gonarmu ta ƙauye na fara turawa. Tsohuwata ta buga mini waya tun asuba, ita ma tambayarka take yi."

Ya fita da mu wani fili da aka kewaye da waya. Ya sa Tsoho ya shafa wani farin akwati mai tsaga-tsaga a kan ƙafafu, inda ake auna zafi. Ya gaya masa can sama akwai ƴan kofuna masu juyawa in iska ta taso, yau kuwa ko motsi ba sa yi. Akwai wani faffaɗan kasko cike da ruwa, wai don a ga yawan abin da rana ke sha. Tsoho ya tsoma hannu ya ce, "To ga inda kunka ɓoye shi." Daga ƙarshe ya kai shi ga ma'aunin ruwan sama, wani bokiti mai mazurari a kan ƙarfe. Tsoho ya zura hannu ciki, ya fito da shi da ƙura da yanar gizo.

"Wanga ne ke magana a rediyo?"

"Shi ne, Baba. Shi da ƴan'uwansa a garuruwa."

Tsoho ya shafa bakin mazurarin a hankali kamar yana shafa kan akuya, ya ce, "Kai ma kana jira."

Da za mu tafi mutumin ya ce, "Hadari kam akwai, kuma babba ne, in Allah ya so. Amma in na ce ga gonar da zai sauka na yi muku ƙarya. Ku zauna inuwa, ko ku koma gida. In ya matso zan ga inda ya karkata, in kira ki." Ya karɓi lambata. Ya roƙi Tsoho ya kwance ƙullin ya gani, ya murza ƙwaya biyu a yatsa, ya ce rabonsa da ganin zango irin wannan tun yana yaro.

Na ce wa mutumin to. Amma muna fitowa bakin gudro, babbar kwalta, na hango gabas ta kudu-kudu ya yi baƙi, na ce wa zai zauna jiran waya ga abu ido na gani? Na karya kan mota sai Jiratawa.

Wanda bai san Jiratawa ba, in ya je da bazara sai ya ce ba ƙasar ɗaya muke ba. Ko'ina ƙurmus, nan kuwa kore shar, zogale da tattasai da albasa, injuna na ta ƙugi suna zuba ruwa cikin ƴan magudanai. Na tsaya bakin wani lambu ƙarƙashin mangwaro. Hadarin ya taso kamar da gaske. Iska ta zo da jar ƙasa, ledoji na tashi sama, mata na kwashe shanya da gudu. Tsoho ya sa na buɗe masa ƙofa, ya miƙa tafin hannu waje. Ɗigo ya faɗo masa, wani ya biyo. Shi ke nan. Baƙin ya zame ya yi arewa ya bar mu da ƙasa a haƙora.

Raina ya ɓaci. Ga zafi, ga esansi, man motar, na ƙarewa a banza, ga hannunsa har yanzu a miƙe. Na dubi lambun da ke gabanmu, ƙasa jiƙe sharaf da ruwan inji, na ce, "Tsoho, ga ƙasa mai laima nan, ta fi wadda ruwan sama zai jiƙa. Bari in roƙi mai lambu, ka sa irinka mu koma gida."

Ya janye hannunsa ya rufe ƙofar da kansa.

"Mai da ni gida."

"Ban gane ba."

"In don ki rabu da ni ne, mai da ni. Ni ba yaro ba ne da za a ba ni ƙasa in yi wasa. Wanga wurin albasa ne. Hatsi abin da Allah ya aiko shi kan jira, mu ma shi muka jira."

Na ce, "Ruwa dai ruwa ne."

 Ya juya fuska wajen taga. Na ga ƙashin wuyansa, na ga yadda ya damƙe bakin rawanin. Na zauna riƙe da sitiyari, ban tada mota ba.

Sai waya ta yi ƙara. Mutumin meteyo ne. "Kuna ina? Jiratawa? Subhanallahi. Ya karkata arewa da gari, wajen Tsibiri zai fi sauka. In za ku je yanzu ne, amma ki bi a hankali, da iska yake tafe."

Na ce, "Ango, riƙe da kyau."

Daga Jiratawa zuwa Tsibiri sai ka ratsa Maraɗi kaf. Ranar na san yawan amalanke da ƴan kabu-kabun garinmu, kowa ya zaɓi gabana ya tsaya. Ina oda, ina leƙo kai ina faɗa. Muna tsakiyar gari Baba ya kira. Na sa a kunne na ji, "Ina kika kai mini uba?" Na ce, "Baba, ina tuƙi," na miƙa wa Tsoho. Ya karɓa ya riƙe ta a juye ya ce, "Ina tare da matata, kada a dame mu." Ya ajiye a cinya, muryar Baba na ta fita har ta gaji.

Muna barin gidajen ƙarshe Tsoho ya ce, "Mun wuce gonata?" Mun wuce. Wani ya riga ya ɗaga katanga, wani ya jibge yashi. Na ce masa eh. Ya ce, "Gawon nan na bakin hanya yana nan?" Na ce yana nan, kuma gaskiya ne. Ya gyaɗa kai.

Gaba kaɗan ruwan ya tarbe mu. Ba yayyafi ya fara da shi ba, gaba ɗaya ya sako, har na daina ganin hanya, ga mai share gilashin gefena ya daɗe da mutuwa. Na gangara gefe na tsaya. Ƙarar rufin mota ta hana mu jin juna. Sai na ga yana laluben abin sauke gilashi.

"Za ka jiƙe! Baba zai kashe ni!"

Ya sauke abinsa. Ruwa ya shigo ya jiƙa kujera, ya jiƙa shi, ya jiƙa ni. Ya tura fuska waje, ido rufe, baki na motsi, ruwa na bin zanen kumatunsa yana gangarowa gemu. Ƙamshin ƙasa ya cika motar. Na miƙa hannu zan ɗaga gilashin, sai na fasa.

Wajen la'asar ya tsagaita. Kafin ya gama ɗaukewa mutane sun fara ɓullowa daga ko'ina, da sungumi a kafaɗa, mata da ƙorai a ka. Na sauka na nufi gona mafi kusa, takalmina na nutsewa. Wani magidanci ne da matarsa. Ya durƙusa yana tona ƙasa da hannu don ya ga inda laima ta kai, hannun ya shige har ya wuce wuyan hannu, ya ɗago yana murmushi. Na yi sallama na ce, "Kawu, ga kakana can a mota. Ba ya gani, ba shi da gona. Layi ɗaya yake so ya shuka."

Bai tambaye ni ƴar wa ce ba. Ya bi ni har mota, suka gaisa da Tsoho, suka yi wa juna barka da ruwa kamar sun saba. Ya ce wane iri ne, Tsoho ya kwance masa.

"Zango! Baba, nawa ɗan gajere ne mai saurin nuna, in sun haɗu tsakiya za su gauraye. Ka bi bakin iyaka, daga nan har ƙalgon can. Naka ne." Ya miƙo mini sunguminsa, ya ce zai karɓi na ƙanensa a gonar gaba.

Ban taɓa riƙe sungumi ba. Matar ta nuna mini: ki sara, ki taka, ki sara. Tsoho ya cire takalmi ya kama bakin hijabina da hannun hagu, iri a dama. Na fara sara ina sauri, so nake mu gama kafin ƙafarsa ta gaza. Ya fizgo ni baya.

"Ke, tsere muke? Wa ke korar ki?"

Na rage. Sai ya lalubi ramin da babban yatsan ƙafa, ya saki ƴan ƙwayoyi daga tsakanin yatsu uku, ya ja ƙasa da gefen ƙafa, ya danna da diddige. Bai duƙa ba, bai kuskure rami ba sai inda ni na karkace, kuma na karkace da yawa.

"Uwargida, wanga layi ne ko sawun maciji?"

"Kai da ba ka gani, ina ka sani?"

"Ƙahwata na gani. Wanda ya aure ki ya shiga uku."

"Ai kai ka aure ni."

"Shi ya sa na rame."

Matar mai gonar ta yi dariya har ta ajiye ƙwarya. Muka ci gaba. Tun ina ƙirga saura nawa mu kai ƙalgon, har na daina dubansa. Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin jan hijabin, in ya saki in sara, in ya ja in tsaya. A duniya ba wanda ya taɓa sa ni tafiya a hankali haka. Irin ya ƙare saura kaɗan mu kai. Ya kakkaɓe bakin rawanin a ramin ƙarshe, ya danna, ya daɗe tsaye da diddigensa a wurin.

Mai gonar ya zo ya kama shi muka mai da shi mota. Ya ce in ya tsiro a kawo Tsoho ya taɓa. Tsoho ya ce, "In ka zo noman hwari kada ka cire mini da yawa." Mutumin ya ce ya ji.

Na tada mota, na juya. Ban yi nisa ba ya ce, "Uwargida."

"Mene ne kuma?"

"Ba a saida hura garin nan?"

Na taka birki har motar ta mutu. Na sake juyawa na shiga cikin Tsibiri, na sami wata mai fura da ta fake a rumfa bakin tasha, na ce ta dama mai kauri. Bai ce ta yi tsami ba, bai ce salam take ba. Ya shanye, ya sa yatsa ya lashe gindin kwanon, ya ce a ƙulla masa wata ya tafi da ita.

Kafin magariba muka iso gida. A unguwarmu Zariya ko ɗigo ba a yi ba. Baba na tsaye ƙofar gida, fuskar nan kamar hadarin da muka baro. Ya buɗe baki zai fara da ni, sai ya ga ubansa na fitowa, riga jiƙe, laka har idon sawu, ledar fura a hannu yana tambayar ko Inna ta sauke tuwo. Baba ya haɗiye abin da ya tanada. Ya kama shi ya zaunar a tabarma, ya ɗauko buta da kansa ya durƙusa zai wanke masa ƙafa.

Tsoho ya janye ƙafar ya ce, "Bari tukuna. In an kira salla ka wanke."

Baba ya ajiye butar ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ni dai sai washegari na sha faɗana, kan kujerar mota da ta jiƙe.

Layin ya tsiro a karkace, yadda na sare shi. Juma'ar da muka koma dubawa Baba ne ya tuƙa, ni aka tura baya. Tsoho ya bi layin da rarrafe yana shafa ganye, yana nuna wa Baba duk inda na kauce.